Ƙaramin harsashi da dogon zango: abin da gudun bakin bindiga ba ya faɗa

Tun da bidiyon harbin nesa ya fara yawo a wayoyin mutane, wata gardama ta samu gindin zama a majalisun Aboabo da Asawase da ke Kumasi a Gana, musamman inda tsofaffin sojoji da mafarauta ke zama da matasa bayan la'asar. Za ka ga Ba'amurke ya kwanta rub da ciki, ya ja kunama, a yi shiru na kusan daƙiƙa huɗu, sannan ƙarar farantin ƙarfe ta dawo daga nisan da ya kusa kilomita. Daga nan tambaya ta tashi: a cikin ƙananan harsasai, wanne ne ya fi kai wa nesa daidai? Amsar da aka fi bayarwa ita ce wanda ya fi gudu. Wani zai ɗauko lambar da aka buga a jikin kwali ya ce ga hujja.

Wannan amsar tana da gaskiya har zuwa mita 200 ko 300. Daga nan gaba ba ta da ita. Gudun da aka rubuta a kwali gudu ne na bakin bindiga, a taku na farko. Abin da ke raba gardama a nesa shi ne yawan gudun da ƙwayar ta iya riƙewa bayan iska ta ci rabonta, kuma wannan ya dogara ne a kan siffar ƙwayar da nauyinta fiye da ƙarfin da aka cilla ta da shi.

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, albarushin da ke cikinsa, ɗan maƙunnin da ke gindi wanda allura ke duka, da ƙwayar da ke fita. Lambar da ake kiran harsashi da ita kaurin ƙwayar kawai take nunawa, a inci ko a milimita, shi ma a kimance. Dubi waɗannan: .22 LR, .22 Hornet, .222 Remington, .223 Remington, .22-250, .220 Swift. Dukkansu kaurin ƙwayarsu kusan milimita 5.7 ne. Amma .22 LR na fita da gudun mita 330 a daƙiƙa, .223 na kai 990, .22-250 na wuce 1,100. Bambancin yana cikin girman kwanso da yawan albarushin da ya ɗauka. Shi ya sa wanda ya ce yana da "tu-tu" bai gaya maka komai ba tukuna. Nauyin ƙwaya kuma da giren ake auna shi, giren ɗaya kuwa giram 0.065 ne. Ƙwayar .22 LR mai giren 40 giram 2.6 ke nan, ta .223 mai giren 55 kuma giram 3.6. Nauyi kusan ɗaya, amma ƙarfin dukan na biyu ya ninka na farko fiye da sau 12, jul 1,750 a kan jul 140 a ma'aunin ƙarfi, domin ƙarfi yana hawa ne da gudu sau gudu.

Tarihin wannan ƙasa da kansa ya ga yadda harsashi ya yi ta ƙanƙancewa. Sojojin Ingila da Janar Wolseley ya shigo da su Kumasi a watan Fabrairun 1874 bindigar Snider suke riƙe da ita, mai ƙwayar dalma da kaurinta ya kusa milimita 15, nauyinta giram 31, gudunta bai kai mita 400 a daƙiƙa ba. Bayanta Martini-Henry ta zo da kusan milimita 11.5. Kakanninmu da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu ƙarƙashin rundunar Gold Coast .303 suka riƙe, wadda ba ta kai milimita 8 ba. Sai 7.62 na bindigar G3, sai 5.56 na M16, wanda ƙungiyar NATO ta amince da shi a 1980. Abu uku ne suka buɗe wannan hanya. Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, wanda ke tura ƙwaya da gudun da baƙin albarushi ba zai iya ba. An koyi sa wa dalma rigar jan ƙarfe don kada ta goge a cikin bututu. Sannan, wajen farkon ƙarni na 20, aka koma ga ƙwaya mai tsinin baki maimakon mai kan mulmule.

Da zarar ƙwaya ta bar bakin bindiga, ba abin da ke ƙara tura ta. Ƙasa na janta, iskar gabanta na rage mata gudu, iskar gefe na kautar da ita.

Jan ƙasa shi ne mafi sauƙin sha'ani, duk da shi ne ya fi ba mutane tsoro. Ƙasa ba ruwanta da nauyin ƙwaya ko kaurinta, lokaci kawai take ƙirgawa. Abin da ya yi rabin daƙiƙa a sama zai faɗo da mita 1.2, wanda ya yi daƙiƙa guda kuma kusan mita 5. Ƙwayar harsashin 6.5 Creedmoor, mai kaurin milimita 6.5, da aka yi wa saiti a yadi 100 tana sauka da kusan mita 8 kafin ta kai yadi 1,000, wato mita 914. Ta .308 mai giren 175 tana sauka da kusan mita 10. Lambobi ne masu girma, amma ba sa canza ra'ayi. In ka san nisan, ka san gudun harsashinka, sai ka murɗa madubin saiti gwargwadon abin da lissafi ya ba ka, gobe ma haka za ka murɗa. Inda faɗuwa ke cutarwa shi ne in ba a san nisan daidai ba, ko kuma harsasan kwali ɗaya ba su fita da gudu ɗaya ba. Bambancin mita 10 a daƙiƙa tsakanin harbi da harbi ya isa ya jawo tazarar kusan santimita 20 sama ko ƙasa a yadi 1,000. Abin da masu gasa ke biya a harsashi mai tsada ke nan, daidaito tsakanin wannan da wancan.

Iskar gaba ita ce tushen komai. Masu ƙera ƙwaya suna ba kowace lamba da ke nuna iyawarta ta ratsa iska, ana rubuta ta BC. Lambar na hawa in nauyi ya ƙaru ba tare da kauri ya ƙaru ba, tana kuma hawa in baki ya yi tsini, gindi ya ɗan tsuke. Ƙwaya doguwa siririya mai nauyi ita ce gwanar ratsa iska. A ma'aunin da ake kira G1, ƙwayar .22 LR tana wajen 0.13. Ta .223 mai giren 55 tana wajen 0.25, mai giren 77 kuma wajen 0.37. Ta .308 mai giren 175 tana kusa da 0.50. Dogayen ƙwayoyin milimita 6 masu giren 105 zuwa 107 sun ɗan haura 0.50, na 6.5 masu giren 140 kuma suna kai wa 0.60 har su wuce. Akwai wani ma'aunin, G7, wanda aka gina a kan siffar doguwar ƙwaya ta zamani, ya kuma fi G1 gaskiya a nesa. Lambobinsa kusan rabin na G1 ne, don haka kuskure ne babba a kwatanta lambar G1 ta wannan kamfani da G7 ta wancan.

Ga yadda abin yake a fili. Ƙwayar .223 mai giren 55 ta fita da 990. Kafin yadi 500 gudunta ya koma kusan rabi, ƙarfinta kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Ta 6.5 mai giren 140 ta fita da 820 kacal, amma a yadi 500 ɗin tana riƙe da kusan 630, a yadi 1,000 ma tana sama da 440. Wadda ta fara a baya ita ce a gaba. Sauri ya haifi nawa, domin turjiyar iska na ƙaruwa sosai da ƙaruwar gudu, ƙwaya marar nauyi kuwa ba ta da abin da za ta yi tsayayya da shi.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, a kan iskar gefe, don ita ce ke kayar da gwanaye. Mutane suna ɗauka cewa iska na kautar da ƙwaya gwargwadon daɗewarta a hanya. Ba haka lissafin yake ba. Tun ƙarni na 19 wani masanin harbin igwa Bafaranshe, Isidore Didion, ya nuna cewa abin lura shi ne jinkiri: ka ɗauki lokacin da ƙwaya ta ci a zahiri, ka cire lokacin da za ta ci da a ce gudunta bai ragu ba ko kaɗan, abin da ya saura ka ninka shi da gudun iskar. Mu gwada da iska mai mita 4.5 a daƙiƙa, wato kilomita 16 a awa, irin wadda ke kaɗa tuta ba tare da ta miƙar da ita sosai ba. Da gudun 820 bai ragu ba, ƙwayar 6.5 za ta kai mita 914 cikin daƙiƙa 1.11. A zahiri tana cin kusan 1.49. Jinkirin 0.38 ne, sau 4.5, ya ba da mita 1.7. Ta .308 mai giren 175 da ta fita da 790 ya kamata ta ci 1.16, amma tana cin kusan 1.71. Jinkirinta 0.55, kaucewarta mita 2.5. A yadi 500 kuma, .223 mai giren 55 na kaucewa da kusan santimita 90, mai giren 77 da sittin da wani abu, 6.5 ba ta kai 40 ba.

Me ya sa wannan ya fi faɗuwa muhimmanci? Domin ba wanda ya san gudun iska daidai. Na'urar auna iska tana gaya maka abin da ke faruwa a inda kake kwance, ba ta san abin da ke tsakiyar fili ba, inda wataƙila akwai kwari ko layin bishiyoyi. Iska na tashi tana kwantawa tsakanin numfashi biyu. In ka yi kuskuren mita ɗaya a daƙiƙa wajen kimanta ta, kuma gwani ma yana yin irin wannan, mai 6.5 zai kauce da santimita 38 a yadi 1,000, mai .308 da 55. A kan farantin da faɗinsa bai wuce rabin mita ba, wannan shi ne bambancin samu da rashi. Babbar BC ba ta hana iska aikinta, rage tsadar kuskuren maharbi take yi.

Lissafin Didion yana bayyana wani abu da ke ba masu .22 LR mamaki. Harsashinta mai gudun 330 ya fi mai gudun 380 jure iskar gefe a mita 50 zuwa 100. Mai saurin yana fita ne sama da gudun sauti, inda turjiya ta fi tsanani, sai ya zubar da gudu da wuri, jinkirinsa ya fi yawa. Shi ya sa 'yan wasan Olamfik da ke harbi a mita 50 ba sa amfani da mai saurin.

Doguwar ƙwaya tana da sharaɗi. A cikin bututun irin wannan bindiga akwai tsagogi masu murɗiya da ke sa ƙwaya juyawa a kan kanta, kamar katantanwar da yara ke murzawa, wadda ba ta faɗuwa muddin tana juyi. Gwargwadon tsawon ƙwaya, gwargwadon juyin da take buƙata. Ana rubuta murɗin bututu 1:12 ko 1:8, ma'ana zagaye ɗaya a kowane inci 12 ko inci 8. Tsofaffin bindigogin .223 suna zuwa da 1:12, wanda ya dace da giren 55. Ka sa musu giren 77, ƙwayar za ta yi ta tangaɗi, wani lokaci ta bugi allo a kwance ta bar rami mai tsawo. Giren 77 na son 1:8. A wannan murɗin, ƙwayar da ta fita da mita 840 a daƙiƙa tana juyawa kusan sau 250,000 a minti. Wannan ne ya daɗe yana tauye .22-250: kwansonta babba ne, albarushinta da yawa, amma an saba ƙera ta da 1:14, don haka ƙananan ƙwayoyi kawai take iya riƙewa. Wanda zai sayi bindiga don harbin nesa ya tambayi murɗin bututu kafin ya tambayi sunan kamfani.

Sai iyakar sauti. A zafin Kumasi, digiri 30, sauti na tafiya kusan mita 349 a daƙiƙa. Lokacin da ƙwaya ta rage gudu ta kusanto wannan iyaka, yadda iska ke matsa jikinta yana sauyawa, wasu ƙwayoyin su fara rawa. Ba duka ba ne, amma da yawa. Ƙwayar kamfanin Sierra mai giren 168 ta .308, wadda ta yi suna a mita 300 zuwa 600, an san ta da rikicewa kafin yadi 1,000, abin da ya sa masu harbin nesa suka koma giren 175. Don haka in ana maganar iyakar harsashi, ana nufin inda yake sauka zuwa gudun sauti. Ga .223 mai giren 55 wannan na faruwa tsakanin mita 600 da 700. Ga .308 mai giren 175, wajen mita 900 zuwa 1,000. Ga 6.5 Creedmoor, bayan mita 1,200.

Yanzu mu dubi harsasan da kansu. .22 LR ta fito a 1887 daga kamfanin Stevens na Amurka, har yau kuma ba harsashin da ya kai ta yawa a duniya. Ba ta da dukan kafaɗa, ƙararta kaɗan ce, bututunta na daɗewa ƙwarai. In an yi mata saiti a mita 50, a mita 100 ta sauka da kusan santimita 20, a mita 200 ta haura mita guda, a mita 300 ta wuce mita 4. Mutane na ganin wannan a matsayin rauni, ni kuwa a ganina nan darajarta take. Wanda ke harbin .22 LR a mita 200 yana fama da faɗuwa da iska irin waɗanda mai babbar bindiga ke fama da su a nisan da ya ninka haka sau huɗu, da kuɗi kaɗan, a fili ƙarami. 'Yar'uwarta .17 HMR, wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2002, tana cilla giren 17 da gudun mita 775. Tafiyarta a miƙe take har mita 150, daga nan rashin nauyi ya kama ta.

.220 Swift ta 1935 da .204 Ruger ta 2004 duk sun haura mita 1,200 a daƙiƙa. An yi su ne don ƙananan dabbobin da ke ɓarna a gonakin Amurka, a mita 300 zuwa 400, kuma a wannan aiki sun ƙware. Ba harsasan kilomita ba ne.

.223 Remington ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin harsashi biyu ne a kwanso ɗaya. Da giren 55 da murɗin 1:12, ta mita 300 ce. Da giren 77 ko 80 da murɗin 1:8 ko 1:7, ana gasar yadi 600 da ita a Amurka, akwai ma masu kai ta yadi 1,000. A gasar da ake kira F-Class, wadda ta samo asali daga Kanada, akwai rukunin da harsashi biyu kawai aka yarda da su, .223 da .308, kuma ana harbi har yadi 1,000. Mai .223 a can yana shan wahalar iska fiye da abokin karawarsa, amma dukan kafaɗarsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na mai .308 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bindigar da ba ta zabura tana barin maharbi ya ga inda ƙwayarsa ta faɗa ta cikin madubi, ya gyara da kansa, kuma ba ta koya masa ƙifta ido da noƙe kafaɗa kafin harbi, ɗabi'ar da ke da wuyar bari in ta kama mutum. Wani abin kiyayewa: .223 da 5.56 na soja kamanninsu ɗaya a ido, amma ɗakin harsashin bindigoginsu ya ɗan bambanta, kuma ƙungiyar masu ƙera makamai ta Amurka, SAAMI, ta yi gargaɗin kada a sa 5.56 a bindigar da aka rubuta wa .223 kawai, saboda matsin na iya haurawa. Kamfanin Federal ya fitar da .224 Valkyrie a 2017 don ya tura ƙwaya mai giren 90 a wannan kaurin, dabarar dai ita ce wadda muka bayyana, ƙara tsawo da nauyi.

Milimita 6 ita ce tsakiyar da masu gasa da yawa suka zauna a kai. .243 Winchester ta 1955 kwanson .308 ne aka tsuke wa wuya. 6mm PPC ta 1975 ta mamaye gasar harbi daga kan teburi a yadi 100 da 200, 6mm BR kuma ita aka fi gani a gasar mita 300 ta Turai. Ta 6.5 kuwa ba sabuwa ba ce, ko da yake talla na sa a ɗauka haka. Suwidin da Norwe sun karɓi 6.5x55 tun 1894, mafarautansu kuma har yau suna amfani da ita. Abin da Hornady ya yi a 2007 da 6.5 Creedmoor shi ne ya tsara gajeren kwanso da ke ba doguwar ƙwaya wuri, ya sa murɗin 1:8 ya zama ƙa'ida, ya kuma sayar da harsashi mai inganci a kwali, ba sai mutum ya ɗura da hannunsa ba. Sunan ya fito ne daga kamfanin Creedmoor Sports, asalinsa kuma filin harbi na Creedmoor ne kusa da birnin New York, inda Amurka da Ailan suka yi shahararriyar gasar nesa a 1874.

Kowane riba da kuɗinsa. Yawan albarushi ta ƙaramin rami yana ƙona maƙogwaron bututu. Masu gasa kan samu harbi 5,000 ko fiye daga bututun .308 ko .223 kafin daidaitonsa ya fara raguwa, kusan rabin haka daga 6.5 Creedmoor, ƙasa da haka daga .243 da .22-250. A Amurka sauya bututu abu ne mai sauƙi. A nan Gana, inda kowane ɓangaren bindiga sai da izini yake shigowa, wannan lissafi ya fi nauyi ƙwarai.

Yanayinmu ma yana da hannu. Teburin da ke jikin kwali an lissafa shi ne a kan iska mai digiri 15 a gaɓar teku. Iskar digiri 30 ta fi ta sauƙi da kusan kashi 5 cikin ɗari, don haka faɗuwar ƙwaya ba ta kai abin da teburin ya ce ba. Kumasi na sama da teku da kusan mita 250, wanda ke ƙara ɗan sauƙi a kan Akra. Raɓa da laima, saɓanin zaton mutane, rage nauyin iska suke yi, ko da yake kaɗan ne, aikinsu na gaske tsatsa ne a cikin bututu. Harsashin da aka bari a rana ko a cikin mota yana fita da gudu da matsi fiye da na inuwa. Kawalwalniya da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana sa abin da ake bara ya yi ta rawa a madubi, amma gwanaye da ita suke karanta iska, don tana kwantawa ɓangaren da iskar ta nufa. A filayen Akra iskar teku na ƙarfi da rana zuwa yamma. Da hunturu kuma ƙura na iya rufe abin da ke mita 600 gaba ɗaya.

Akwai rarrabewar da nake ganin wajibi ce, tsakanin bugun faranti da harbin dabba. Faranti ko ta gefe aka taɓa shi ya yi ƙara. Dabba kuwa rai ce, kuma ƙwayar da ta kauce da tafin hannu ɗaya tana barin ta da rauni ta shiga daji ta mutu a wahale, ba a ci namanta ba, ba a yanka ta ba. Ƙwayoyin gasa ma ba a ƙera su don buɗewa a jikin nama ba. A cikin daƙiƙa ɗaya da rabi da ƙwaya ke tafiya, gada ta isa ta yi taku biyu. Don haka nisan da harsashi ke iya kai wa a kan allo bai zama nisan farauta ba. Ga dajin Asante ma tambayar ba ta taso ba: naman da ke isa kasuwar Atwemonom, gyazbi ne ko gada ko mazo, akasarinsa daga tarko yake ko daga bindigar da ke watsa ƙananan dalma a taku 30 zuwa 40, domin a kurmi ido kansa ba ya wuce haka. Kuma ƙwaya ba ta tsayawa don ta kuskure. Kwalin .22 LR, mafi ƙanƙanta a duk waɗanda muka ambata, yana ɗauke da gargaɗin cewa tana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi, manyan kuwa suna wuce kilomita 3. A ƙasar da gonar koko ke manne da ƙauye, harbin nesa ba shi da wuri sai filin da aka tanada, mai tudun ƙasa a bayan allo.

Doka ma ta faɗi nata. Mallakar bindiga a Gana sai da lasisin 'yan sanda, wanda ake sabuntawa duk shekara, kuma riƙe bindiga ko harsashi ba tare da izini ba babban laifi ne. Tun 2007 akwai hukumar ƙasa da ke kula da ƙananan makamai. Sashen namun daji na hukumar gandun daji yana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke haihuwa, gyazbi kaɗai aka ware, shi ma da lasisi.

Wani dattijo da ya yi aikin soja ya taɓa tambayar wani matashi a irin wannan zama: "Yaro, in an ba ka wadda ta fi duka, harsashi nawa za ka samu ka harba a shekara?" Matashin ya ce, "Baba, wataƙila kwali biyu." Kwali biyu harsashi 40 ne, kuma ba a koyon iska da 40. Saboda haka in mai lasisi da filin harbi na halal ya tambaye ni, zan ce ya fara da .22 LR mai gudu ƙasa da sauti, ya kai ta mita 200 yana rubuta abin da iska ta yi wa kowane harbi. In ya samu filin mita 300 zuwa 600, .223 mai murɗin 1:8 da giren 77 ta ishe shi, bututunta kuma zai daɗe. Sai in filin ya kai mita 800 zuwa sama ne 6.5 ke fara biyan kuɗinta. Tsakaninta da .308 a wannan nisa, 6.5 ce ta fi a lissafin iska da sauƙin kafaɗa, .308 kuma ta fi a tsawon ran bututu da sauƙin samun harsashi a kusan kowace ƙasa.